Haƙarƙarin Ragon Baba

Isa, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Yayana Hafizullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka a Kumasi. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau. An yi sunan 'yata ranar Laraba, ta ci suna Khairat.

Ka san tun da munka baro Gatawa, bayan 'yan bindiga sun kore tumakin Baba, abinci ya fita ransa. Fura kaɗan yake kurɓa, har rigunansa sun yi masa yawa. Rago ɗaya tak ya tsira da shi, kuma shi ya bayar anka yanka wa jikarsa. Maigidana ya roƙe shi ya bar abinsa, ya ƙi. Amma da anka kai masa soyayyen naman, ko kallonsa bai yi ba. Na ji tsoro ƙwarai, Yaya.

Radiyya, matar ƙanenmu Usaini, wadda ba ka taɓa gani ba, ita ta ce a ware mata haƙarƙarin. Ina zaune bakin ƙofa da jaririya ina kallonta. Ta yanka shi ƙashi-ƙashi, kaurin yatsu biyu, ta shafa gishiri da tafarnuwa kawai. Ta hura gawayi, ta jira har harshen wuta ya mutu, sannan ta jera naman a kan wayar gashi. Ba ta yi ta juya shi ba, sau ɗaya ta juya kowane. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, sai ta ja naman gefe. Can bayan ɗaki tana da tsofaffin bokitai da ta shuka ɗoɗɗoya da na'a-na'a. Ta tsinko, ta haɗa da lawashin albasa da attaruhu ɗaya, ta jajjaga a ƙaramin turmi, ta matsa lemun tsami, ta zuba man gyaɗa. Inna Fadima ta ce a dafa ganyen tukuna, Radiyya ta ce mata cikin ladabi ɗanye ake sawa, haka gwaggonta ta Maraɗi ta koya mata. Tana sauke naman ta zuba masa koren nan, ƙamshi ya cika gida.

Ta durƙusa gaban Baba. Ba ta ce ya ci ba. Cewa ta yi ba ta taɓa gasa nama mai kitse irin wannan ba, tana son ta san abin da anka ciyar da ragon. Baba ya ɗauki ƙashi ɗaya ya duba, ya ce harawa ce da dusar gero. Ya kai baki. Daga nan ya shiga ba ta labarin uwar ragon, yana ci yana magana, har ya cinye guda huɗu. Ni kam ɗaki na koma don kada ya ga hawayena.

Jiya ya ce wa Usaini ya raka shi kasuwa, wajen 'yan tumaki, wai zai duba kawai. Za ni sa a kira ka ranar Juma'a ka ji muryarsa da kanka.

Ka gaishe da Yaya Nusaiba, da Kamalu da Sadiƙa. Inna da Usaini suna gaishe ka. Radiyya ma ta ce a miƙa maka gaisuwa, tana jin kunya.

Ƙanwarka,
Fatu