Waƙarki Ba Ta Ɓata Ba, Inna

Zuwa ga Innata Ladi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Na san ba mai kai miki wannan takarda, ke da ko kina da rai sai an karanta miki. Amma yau hankalina ya kwanta, kuma ke nake so in fara gaya wa.

An yi godiyar kaka ran Lahadi, ta farko da ba ke. Dawa ta yi kyau bana, masarar fadama ce dai ruwa ya ɗan ci. Baba yana nan lafiya, sai ƙafar nan tasa.

Inna, akwai abin da na ɓoye miki. Waƙar nan taki da kike bayarwa duk shekara in ana shiga da dammuna gaban majami'a, ban taɓa iya ta ba. Amshi kawai na sani, kamar kowa. Sau nawa kika ce in zauna ki koya mini? Ni kuwa kunya nake ji, ina ganin muryarki ta cika ƙarfi, har 'yan makarantarmu suna kwaikwayonki. Ki yafe mini.

Da matan zumunta suka ce ni zan bayar bana tunda ni ce 'yarki, sai na ce to. Bakina ya kasa cewa ban iya ba. Ga shi ba a rubuce take ba, ba kuma wanda ya taɓa ɗaukarta a waya. Na tambayi Baba, ya rera mini layi ɗaya da muryar nan tasa da kike cewa tana korar kaji, ya ce iyakarsa ke nan. Na bi tsofaffin zumunta a fakaice, kowacce amshi ta riƙe. Sati biyu abinci ba ya shiga cikina. Ashe ina ji ina gani na bari aka binne ki da ita?

Ran Alhamis maƙwabciyarmu Goggo Dije ta shigo taya ni sussuka, kamar yadda take taya ki. Muna cikin lugude sai na ji tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Na saki taɓarya. Waƙarki ce, Inna, baiti bayan baiti: na ruwan shuka, na dawa, na lafiyar yara. Wai shekara talatin kuna turmi ɗaya, ko kurma ce ita ai ta haddace. Wai da waƙar kike daidaita muku hannu. Ni lokacin ina can ina neman hanyar zillewa.

Ta je ta yi la'asar ta dawo, ta zaunar da ni ta koya mini tas. In ta zo kan sunan Yesu sai ta yi shiru ta ɗaga mini haɓa, wai wannan wurin namu ne, in cika da kaina. Ba ta kuma raga mini ba, in na ja murya inda ba a ja sai ta ce Ladi ba haka take yi ba, in sake.

Ran Lahadi aka buga tulun kiɗa, na miƙe. Na ɗaga murya yadda kike ɗagawa, ban rage komai ba. Mata suka amsa, dammuna suka fara shigowa, har Baba ya hana a ɗaukar masa nasa.

Da baitocinki suka ƙare ban tsaya ba. Tunda waƙar ambaton abin da Allah ya ba mu ce, sai na ƙara guda, na gode masa don shekarun da ya ara mana ke. Na kira sunanki. Amshin ya ɗan karye, sa'an nan ya dawo da ƙarfi har ban ƙara jin tulun ba.

Ina fata ban ɓata miki ita ba. Kin ji kuwa?

Ki huta lafiya wurin Ubangiji, sai mun sadu.

'Yarki da yanzu ke bayar da waƙa,
Rifkatu