Abincin Dodo

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar taka, ta daina kumburi? Mu ma muna nan lafiya, alhamdu lillahi.

Ka tambayi labarin jajayen kifayen da ka saya wa 'yarka. Suna nan cikin ɗan akwatin gilashinsu a tagar kicin, sun yi ɓul-ɓul. Ita ke ba su abinci da kanta. Takan ɗebo ɓarɓashin da yatsu biyu, ta barbaɗa a saman ruwa, ta tsaya har su cinye. In na ce ta ƙara, sai ta harare ni kamar wata tsohuwa, wai ragowar ce ke ruɓewa ta ɓata ruwan. Mai guntun bindin nan da kake yi wa dariya, yanzu a yatsanta yake ci.

Matsalar a falo take. Babanta ya ga kifayen suna burge baƙi, sai ya sayo nasa: akwati ya kai tsawon doguwar kujera, da wani baƙin kifi mai faɗin baki da ya sa wa suna Dodo. Mai shagon ya haɗa masa da gwangwanin manyan ƙwayoyi, ya ce su ne cimarsa, kada a saba masa da abu mai rai. Har yau ko murfin ba a buɗe ba. Barin Dodo yake da yunwa kwana da kwanaki, sai ranar da abokansa na gareji za su zo ya sayo ƙananan kifaye a leda ya juye masa. Dodo yakan datse kifi biyu, rabin yana ta motsi, ɓawo na yawo a ruwa, ƙatti suna tafi suna dukan tebur. Ni ce mai tsame kawunan daga baya.

Na yi magana sau ɗaya. Shi ya sa ka ga rubutun nan a karkace, wuyan hannuna bai gama saki ba. Don Allah kada ka gaya wa Inna.

Ka gaishe da kowa.
Ƙanwarka, Auta.

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikin da sauƙi. Ka zauna kafin ka karanta.

Ranar hutu abokan suka cika falo, baban 'yarka kuma ya tarar an rufe shagon kifi. Dodo ya daɗe bai ci komai ba, yana ta dukan gilashi da kai. Wani ya yi wa maigidan tsiya, wai yau wasa ya mutu. Sai kawai na gan shi a kicin da 'yar ragar kamun kifi a hannu.

'Yarka ta riga ni ganewa. Ta ƙanƙame ƙafarsa tana roƙo, tana cewa nata ne, Kawunta ya saya mata. Ya yi wurgi da ita, ta bugu da firij, leɓenta ya fashe. Kafin in ɗago ta ya kwashe su duka ya zuba wa Dodo.

Kifayen da suka saba zuwa wurin yatsa ba su san gudu ba, Yaya. Sama suka taso suna buɗe baki, suna jiran abinci. A nan Dodo ya same su. Na ji ƙarar haƙoransa daga bakin ƙofa. Mai guntun bindi ne kawai ya maƙale a bayan bututun iska. Yarinyar tana tsaye jini na sauka a rigarta, ba ta ma kuka, kallo kawai take.

Akwai ƙatuwar sifana da ya ajiye a bayan ƙofa. Ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Bugu na farko gilashin ya tsage, na biyu ya tarwatse. Ruwa ya kwashe tebur da kofuna, fasassun gilashi suka yayyanka mini ƙafafu, jaruman gareji suka haye kujeru. Shi kuwa ya fizgo wayar injin iskan akwatin ya hau ni da ita, baya da wuya da fuska, ya shaƙe ni a jikin bango. Sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. An yi mini ɗinki a ƙwauri, idona ɗaya bai buɗe ba tukuna.

Da na dawo daga asibiti na tarar 'yarka ta tsinci mai guntun bindi a ƙarƙashin kujera, da ransa, ta sa shi a kofi. Dodo ma ta tura shi cikin bahon wanki ta zuba masa ruwa. Na ce a jefar da mugun. Ta ce da kumburarren bakinta wai yunwa aka bar shi da ita. Nan ne na yi kukan da ban yi ba a ƙarƙashin waya.

Taka,
Auta.

Yayana na kaina,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara maka lafiya.

Kullum 'yarka takan jefa wa Dodo ƙwayar gwangwanin nan, ya juya mata baya, ta tsame don kada ruwan ya ɓaci. Jiya ya haɗiye, har ya nemi ƙari. Ta zo da gudu tana murna, ta tambaye ni ko Baba ma zai koya. Ni ma zuciyata ta fara lallashina. Baban nata ya ba ni haƙuri, ya yi rantsuwa, har ya sayo sabon akwati.

Yau da rana ya shigo da ledar ƙananan kifaye, wai madadin na yarinya. Na duba su da idona mai gani. Ba jajaye ba ne, irin waɗanda yake juye wa Dodo ne. Da zai fita ya ɗauke gwangwanin ya sa a aljihu, ya ce kada wanda ya ƙara ba Dodo komai sai ranar hutu.

Ka zo da mota kafin ranar, da safe lokacin yana gareji. Kayanmu ba yawa. Ka taho da bokiti biyu masu murfi, don 'yarka ta ce ba za ta bar masa ko Dodo ba.

Yanzu kana iya gaya wa Inna. Ka ce ta gyara mana ɗaki.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta.