Labulen da Ya Motsa a Hoto na Biyu

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Manaja,
Sashen Rarraba Kaya,
Kamfanin Daga Lambu Zuwa Ƙofa.

Daga:
Mijin mai rajista lamba 4471, a madadinta.

Kwanan wata: 9 ga Disamba, 2024.

Game da: Kwandunan da aka ajiye a ƙofar marigayi surukina ba tare da an ƙwanƙwasa ba, da roƙon kada a goge hotunan

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan takarda ne a madadin maiɗakina, wadda ita ce ta yi rajista da kamfaninku. Sau uku tana zama za ta rubuta da kanta, ba ta taɓa wuce kwanan wata ba. Don haka na karɓi biron.

1. Mahaifinta tsohon mai gyaran agogo ne, shi kaɗai yake zaune a ɗakunansa biyu a hawa na biyu. Ba yadda ba ta yi ba ya dawo wurinmu, ya ce shi da ransa ba zai kwana a gidan suruki ba. Fitarsa ɗaya ce a mako. Kowace Alhamis yakan sa rigarsa mai aljihu biyu ya tafi babban kanti, ya tura keken kaya layi-layi, ya latsa tumatir ya ce roba ne, ya tsaya wurin mai karɓar kuɗi ya sanar da ita agogon bangonsu ya yi latti. Can suka laƙaba masa Baba Agogo. Abin da zai saya bai cika leda ɗaya ba, amma sai ya cinye rabin wuni.

2. Da likita ya ce ciwon sukarinsa ya hau, ya rage hawa da saukar bene, ya kuma yawaita ganye, sai maiɗakina ta ji labarinku: kayan lambu da ba a sa wa takin zamani ko maganin feshi ba, ana kawowa har gida kowace Talata. Ni na yi mata tsiya, na ce kabeji dai kabeji ne ko wace makaranta ya yi. Ta yi rajista duk da haka. Kuma ina shaida wa Yallaɓai cewa ba mu da ƙorafi a kan kayan. Karas ɗinku da ƙasarsa yake zuwa, tumatirinku kuwa tun daga matakala ake jin ƙanshinsa, ba irin na kanti ba da ke ƙyalli cikin leda a sanyi, a yanka a ji kamar ruwa. Tsohon da kansa ya amince kun fi su. Daga nan ya daina fita ranar Alhamis.

3. Da fari ma'aikacinku yakan ƙwanƙwasa, ya miƙa kwando hannu da hannu, ya jure a duba masa agogon hannunsa. A watan Satumba kuka aiko da saƙo cewa, domin saurin aiki, daga yanzu za a ajiye kwando a ƙofa, a ɗauki hoto, a aika wa mai rajista. Maiɗakina ta yi murna da wannan. Mahaifinta ba ya shiri da waya. Sai ya kashe ta ya jefa cikin akwatin kayan aikinsa, a yi kwanaki ba a same shi ba, in an yi magana ya ce ai wanda ya mutu ake nema. Saboda haka hoton nan naku ya zama mata kamar gaisuwa: in ta ga kwando a ƙofa, Baba yana nan lafiya.

4. Ranar Lahadi 6 ga Oktoba ta yi magana da shi, sannan ta tafi kwas na mako biyu da wurin aikinta ya tura ta. Ranar Talata 8 ga wata hoto ya shigo. Ranar Talata 15 ga wata wani ya shigo. Ta duba duka biyun a tsaye, tsakanin darasi da darasi, ta ga ganye shar, hankalinta ya kwanta. Ba ta lura ba cewa a gefen hoto na biyu akwai bakin kwandon farko, yana nan inda aka ajiye shi, ba a taɓa ba. Ma'aikacinku ya matsar da shi gefe ne kawai don sabon ya fito da kyau.

5. Ranar 17 ga Oktoba mai gidan haya ya ɓalle ƙofar. Maƙwabta sun fara jin wari tun kafin nan, amma suka ɗauka ruɓaɓɓen kayan lambun da ke ƙofar ne, har wata ta ce za ta yi wa tsohon faɗa a kan ƙazanta. An same shi a ƙasa, a ƙarƙashin tagar da ke kusa da ƙofa, ƙugunsa a karye. Likita ya ce a ɗakin girki ya faɗi, ya jawo jiki zuwa nan. Ranar da ya faɗi da ranar da ya cika, likita ya ce ba zai iya yankewa ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

6. Ga abin da ya hana maiɗakina sakat, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Tagar nan ta fito a duka hotunan biyu. A na farko labulen a rufe yake ruf. A na biyu an ja gefensa daga ƙasa, faɗin tafin hannu, daidai inda hannun wanda ke kwance zai kai. Kowace safiya takan zauna da shayinta har ya huce, tana buɗa hoton da yatsu biyu har ya zama dishi-dishi. Wata rana ta ce ta ga yatsu. Wata rana ta ce inuwa ce. Ni ma na duba, ranka ya daɗe, kuma ban san abin da na gani ba. Tambayarta ɗaya ce: lokacin da mutumin nan yake tsaye yana gyara kwando don hoto, Baba yana da rai a bayan ƙofar? Ya kira?

7. Ranar 22 ga Oktoba, bayan mun binne shi, kwando na uku ya iso, hoto ya shigo wayarta da rubutunku a ƙasa: "An kai. A ci lafiya!" Mun soke rajistar, amma har yau kowace Talata sai saƙonku ya zo yana tambayar ko ta yi kewar sabon ganye. Yanzu ran Talata ni nake riƙe wayar.

8. Na kira ofishinku sau da dama. An ce mini ma'aikacin ya bi ƙa'ida, an ce ba a ba da lambarsa, an kuma ce ana goge hotuna na asali bayan wata uku. Mai karɓar kuɗin nan ta kanti kuwa, wadda ba ta san ko sunansa na gaskiya ba, sai da ta nemo gidanmu ta yi ta'aziyya. Ta ce da yana zuwa kamar da, Alhamis ɗaya ta wuce ba ta gan shi ba, da ta tambaya. Ba da mugun nufi ta faɗa ba. Maiɗakina ta yi mata godiya, ta raka ta bakin ƙofa, ta dawo ta shiga ɗaki ta rufe.

Bisa ga haka, cikin ladabi nake roƙon Mai Girma Manaja: a dakatar da goge hoton 15 ga Oktoba, a aiko mana da na asali, a tsayar da saƙonnin Talata, a kuma mayar da ƙwanƙwasa ƙofa, ko da a gidajen tsofaffi kaɗai, kada a sake ajiye sabon kwando kusa da wanda ba a ɗauka ba a wuce.

Ba diyya muke nema ba, ba kuma so muke a kori ma'aikacin ba. Abin da aka ce ya yi shi ya yi. A zaunar da shi kawai, ba tare da tsoratarwa ba, a tambaye shi ko ya ji wani motsi ko murya a ranar. In ya ce bai ji komai ba, a rubuto mata kai tsaye. In kuwa ya ji, don Allah a sa wasiƙar a ambulan a rubuta "ga mijinta" a baya. Ni zan nemi yadda zan faɗa mata.

Allah Ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, Ya sa a duba wannan kuka namu da idon rahama.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Mijin mai rajista lamba 4471,
surukin Baba Agogo.