Akwatin Shelar Yaya Haladu

Litinin, 2 ga Satumba
Kwana huɗu ke nan a Auyo. Na zo duba Inna, ruwa ya cinye hanyar Haɗeja, shagona na gyaran kayan lantarki na can a kulle. Ga ni gida ɗaya da Yaya Haladu mai shela, shekara biyu ba ma magana. Tun ranar wani bikin suna da na ce a gaban jama'a waya ta kashe shela. Bakina ne, na sani. To shi ma ai babba ne.

Talata, 3 ga Satumba
Ummussalma matarsa ta kawo min akwatin lasifikarsa a ɓoye. Ashe maƙogwaron Yaya ya tafi, sai raɗa. Muryarsa ta bara da ke cikin memori yake saka wa mutane: a kwashe zuwa tudu. Yanzu ruwa ya shiga akwatin. Mai unguwa ya ce in Juma'a ta yi ba a ji shela ba, wani Gambo zai ba wa aikin. Shelar da muka gada tun kakanmu!
"Sunusi, don Allah kar ya san ni na kawo," in ji ta.

Laraba, 4 ga Satumba
Aisi biyu ne a ciki, 'yan ƙwaƙwalen nan na kayan lantarki. Ɗaya yana karanto murya daga memori a lambobi, ɗayan yana mayar da lambobin sauti. Na biyun ne ya ƙone. Na ciro wani daga mataccen rediyo, na gasa ƙarfe a gawayi na liƙa. Layi uku ne tsakaninsu: na bugun lokaci, na hagu da dama, na muryar kanta. Duk na haɗa daidai. Shiru. Ko tari bai yi ba.

Laraba, bayan la'asar
Waya ba sabis. Ni da na ce waya ta kashe shela. Allah Ya isa tsakanina da bakina.

Alhamis, 5 ga Satumba
Ruwa ya kai gindin rumbu. Mun yi kiciɓis da Yaya a zaure, kowa ya kalli bango. Raina ya ɓaci ƙwarai, kamar in fasa akwatin.
Na sa mitar gwajin wuta a layin bugun lokaci: ba motsi. Sai a nan na gane. Wanda ya ƙone shi ne mai ba da bugun, sabon kuwa mabiyi ne, jira yake a buga masa. Na farkon ma a mabiyi aka saita shi. Lafiyarsu ƙalau su biyun, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Haka za su zauna har tashin ƙiyama.
Akwai ƙafa ɗaya a jikin na farkon, in ka ɗaga ta daga layin ƙasa ka kai ta layin wuta, ya zama mai bugawa. In na ƙona wannan, babu wani.

Juma'a, 6 ga Satumba
Akwatin ya yi magana! Muryar Yaya ta cika gidan, irin ta Baba sak. Inna ta rufe fuska da mayafi.
Ummussalma ta miƙo hannu za ta kai wa Yaya. Na ce ta bari, yana da nauyi. Alhali ba shi da wani nauyi.
Yana zaure yana ɗaure wando, jirgin kwalekwale na jira. Na ajiye akwatin, na durƙusa.
"Yaya, ina kwana."
Cikin raɗa ya ce: "Auta, riƙe min lasifikar."
Ni na riƙe har ƙarshen gari.