Gidan Umma Ya Shiga Kasuwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a cikin nema. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ta sha hantsi ba sanda, sai dai faɗan shan magani yana nan kullum. Ɗinki kuma ana taɓawa, alhamdu lillahi.

Ka san halina, idan raina ya ɓaci bakina ya fi hankalina sauri. Shi ya sa yau na rufe keken ɗinki na ɗauki biro, don ka ji maganata har ƙarshe ba tare da ka ce mini layi yana yankewa ba.

Wata huɗu ke nan da ka fara kirana sau biyu a mako, kai da mukan yi wata biyu ba mu ji muryarka ba. Ka ce kewar unguwa ce ta dame ka. Kana tambayar wa ya rasu, wa ya tashi, wa ya sayar da gida, nawa aka saya, a wace shekara. Wallahi daɗi na ji har cikin raina. Na ce wa Umma ɗanta ya fara tuna gida, ta yini tana sa maka albarka. Daga baya ka ce rufin kake so ka gyara kafin ruwa ya sauka, amma ba ka son kashe kuɗi a makance, sai ka san darajar gidajen layinmu. Ni kuma uwar wauta, na sayi sabon littafin rubutu, na ja layi da rula, na yafa mayafi na shiga gida-gida.

Ka sani sarai ba a faɗa wa baƙo irin wannan magana. Da dillali ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, da ko ruwa ba zai samu ba. Ni aka faɗa wa, don a gabansu aka haife ni, kuma rabin kayan da ke jikinsu ni na ɗinka. Goggo ta gidan da ke kwanar layi ta ja ni ƙuryar ɗaki ta faɗa mini abin da aka taya gidanta bara ta ƙi. Tsohon direba, abokin Baba, sai da ya sunkuyar da kai kafin ya faɗi yadda ya karyar da rabin gidansa lokacin jinyar matarsa, ya roƙe ni kada 'ya'yansa su ji, don ba haka ya faɗa musu ba. Na rantse masa cewa daga ni sai kai. Na tambayi mai aski da mai kemis, masu haya a shagunanmu na gaba, nawa ake biya a layin baya. Duk na rubuta da kyakkyawan rubutuna na tura maka. Da ka ce in ɗauki hoton kowane ɗaki don masu gyara su gani, har share-share na yi, na ce wa Umma ta ɗan matsa gefe kada ta fito a ciki.

Ranar Talata ina tsakiyar yanka yadi mai aski ya shigo ba sallama, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo mini wayarsa. Yaya, gidanmu ne a shafin masu sayar da gidaje. Hotunana ne, ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗakin Baba, ga rijiya, ga shagona da kekena a ciki. A hoton ɗakin Umma har ana ganin gefen zanenta a bakin ƙofa, inda na ce ta tsaya. A ƙasa an jera tarihin cinikin layinmu, lambar gida da shekara da farashi, yadda na rubuta ba a canja ko ɗigo ba, har da na tsohon direba. An ce dama ce ga masu zuba jari, an ce idan aka ninka kuɗin hayar shaguna, aka raba cikin gida uku aka zuba 'yan haya, mai saye zai mai da kuɗinsa cikin shekara tara. Layin ƙarshe shi ya fi ƙona mini rai: wai za a miƙa gidan babu kowa a ciki kafin ƙarshen shekara. Mai aski ya tambaye ni ko shi ya sa nake ta yi masa tambaya ina dariya. Na miƙa masa wayarsa kawai.

Kafin yamma labari ya gama layi. Babban ɗan tsohon direba ya ga farashin, an yi ta tashin hankali a gidan har maƙwabta suka shiga. Jiya na gaida dattijon a bakin titi, ya dube ni ya kau da kai, mutumin da ya ɗauki gawar Baba da hannunsa. Goggo ta aiko an karɓi yadinta ban ko yanka ba, don dillalai uku sun riga sun je mata. A idon unguwa ni ce 'yar leƙen asirin masu kuɗi, kuma ba ni da bakin musu, tunda da ƙafata na je.

Ba zan ce lissafinka ƙarya ne ba, ai ni na tara shi. Tun da aka zuba kwalta darajar gidajen nan ta ninka uku, kuma abin da shaguna biyu suke kawowa bai kai ya kawo ba. Na san kuɗin makarantar yara ya yi maka nauyi, na san zaman can ba hutu ba ne. Na kuma san takardun gida da sunanka suke, don Baba ya ce kai ne babba, kai za ka riƙe mu. Da ka fito fili ka ce Auta, na matsu, mu zauna mu duba, da wataƙila mun yi faɗa, na yi kuka, na zage ka a zuci, amma da mun nemi mafita tare. Sai ka zaɓi ka yi mini daɗin baki wata huɗu, ka aike ni in auna gidan uwarmu tana ciki tana yi maka addu'a. Ka ci amanata, Yaya. Ban taɓa zaton zan rubuta maka wannan kalma ba, ga shi na rubuta.

Abin bai tsaya nan ba. Shekaranjiya wani dillali ya kira ni, ya ce an ba shi lambata a matsayin mai kula da gida, wai ranar Asabar zai kawo mai saye ya duba. Mai kula da gida! Shekara goma sha ɗaya ina wanke ƙafar Umma, ina kai ta asibiti, ina tara bokiti a inda rufi yake yoyo, ashe sunan aikina ke nan a wurinka. To, na gode da muƙami.

Yanzu ga abin da nake so. Shagona ba komai ba ne, keke ko a gindin bishiya zai yi ɗinki. Maganar Umma nake yi. Shekara arba'in da shida tana ɗakin nan, da ido rufe ta san inda kowane abu yake, kuma a shekarunta ban san inda kake shirin kai ta ba, don ba ka faɗa ba. Har yanzu ba ta sani ba. Na roƙi mai aski da maƙwabta su rufa mini, sun yi shiru don girmanta, ba don nawa ba. Ni ba zan faɗa mata ba. Na yi maka aike ya isa. Ko dai ka sa a sauke tallan nan kafin Asabar, ko ka kira ta ka faɗa mata da bakinka, ka saurari abin da za ta ce. Idan baƙin suka iso ba ka yi ko ɗaya ba, zan buɗe musu ƙofa, in kira ka, in sa wayar a hannunta suna tsaye.

Ka gaida Anti, ka gaida babbar 'yata da ƙannenta, ka ce gwaggonsu tana kewarsu. Kawu yana gaishe ka, shi ma ban faɗa masa ba tukuna. Umma ta ga ina rubutu ta tambayi wa nake rubuta wa, na ce kai ne. Ta ce in gaishe ka da kyau, in kuma ƙara maka saƙo ɗaya: idan masu gyara sun gama da rufi, in da sauran kuɗi, tana so a yi wa ɗakinta shuɗin fenti, amma in babu kada ka takura kanka, za ta jira baɗi. Na rubuta yadda ta faɗa.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Auta