Eriyarka Tana Nan Tsaye, Modu

Zuwa ga Modu, Babarbaren Babura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, na san takardar nan ba za ta iso ka ba. Ko kana raye ma ai ba karantawa za ka yi ba, cewa za ka yi rubutun Bafillace sai Bafillace. Amma magana ta cika mini ciki, matata Hajara kuwa ta rantse in na ƙara yi mata zancen jirgi za ta tafi gidansu Roni ta huta. To, kai za ka sha.

Gida lafiya. Damina ta sauka da ƙarfinta, gero ya yi kyau a wajenku fiye da namu. Matarka Falmata ta fita daga takaba, yaran suna zuwa makaranta. Ƙaninka Bukar ya buɗe shagon, yana ɗaura wa mutane dish da sola, sai dai hannunsa bai kai naka ba. Kada ka ji daɗi, naka ma bai kai nawa ba.

Ka tuna yadda muka faro? Mu biyu masu ɗaura dish, ka zo Kazaure da wata 'yar na'ura kamar filashi a aljihu, ka ce wai jiragen da ke wucewa can ƙololuwa suna faɗin sunansu da inda suke, ba kunnen da zai ji su ne kawai. Na ce Barebari dai ba ku rabo da ƙarya. Ka yanko wayar jan ƙarfe tsawon ɗan yatsa, ka kafa ta a gindin gwangwanin madara, ka jona da kwamfuta, sai ga ɗan jirgi yana rarrafe a kan taswira. Tun daga ranar ban ƙara samun kwanciyar hankali ba, kuma kai ka jawo mini.

Na yi tawa eriyar ta gwangwani, ka yi mai ƙafafu irin na gizo-gizo. Na yi gizo-gizo, ka koma yanka wayar dish gunduwa-gunduwa, kana haɗa cikin wannan da bayan wancan, kana zurawa a bututun famfo. Duk Juma'a a guruf ɗinmu na waya, da mutumin Gwiwa da samarin Roni, kowa ya turo hoton iyakar inda eriyarsa ta hango. Ni in tsaya a Damagaram ina haki, kai ka wuce Tanut, wani lokacin har ka doshi Agadas. Kullum ina ce maka dutsen nan na bayan gidana ne ya tare mini arewa. Kullum kana cewa ba dutse ba ne, hannu ne, wai hannun da ya saba da tatsar nagge ina shi ina dalma. Ina dariya, amma wallahi ciki na ciki. Haushinka nake ji, Modu, haushi na gaske, irin wanda ke hana tuwo wucewa.

Da aka bugo mini cewa ciwon nan ya tafi da kai, na yi kuka kamar ba namiji ba. Muka kai ka, muka dawo zaman makoki. Washegari ina zaune a kan tabarma a ƙofar gidanka, hannuna ya kai ga waya bisa sabo, na buɗe taswira. Me zan gani? Tasharka tana aiki. Sola na ba ta wuta, ba wanda ya tuna ya kashe. Ga wani jirgi ya fito daga arewa, taka ta kama shi tun yana cikin hamada, tawa a Kazaure ko labarinsa ba ta ji ba. Kana cikin ƙasa, Modu, ƙasar ko bushewa ba ta yi ba, kuma ka fi ni. Wane irin mutum ne kai?

Haka aka yi ta tafiya. Falmata ta ci gaba da sa wa tashar data. Duk Juma'a sai wani ya ɗauko hoton taka ya turo, a yi ta jera Allah ya jiƙan gwani. Ni ma ina rubuta amin, da zuciya ɗaya nake rubutawa, amma gwanin nan yana tsaya mini a maƙogwaro. Mai rai yana hawa kwano cikin rana, yana ƙona yatsu da dalma, ba mai ce masa sannu. Na sake sabuwa mai gunduwa takwas, na ƙara wa ƙarfen tsawo har maƙwabta suka fara tambaya ko kamfanin waya ne ya kama hayar gidana. Duk da haka kana gaba.

Sai farkon damina, wata Juma'a, na duba na ga na wuce ka. Na goge ido na sake dubawa. Na wuce ka! Na fito tsakar gida ba hula ina kiran Hajara, ta ɗauka gobara ce. Na tura hoton a guruf, na zauna ina jiran a ce wani abu. Can sai mutumin Gwiwa ya rubuta cewa Allah sarki, ta Modu ta fara gajiya. Ka ji fa. Ko nasarar tawa ma sai da aka mayar da ita taka.

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Tawa ba ta ƙara ko taku ɗaya ba, taka ce take ja da baya. Yau ta rasa Tanut, gobe ta rasa Damagaram, har ta koma sai jirgin da ya zo kusan bisa kan Babura take gani. Na san abin da ke damunta tun daga nan, aikinmu ne. Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina ai ba ni na kashe zomon ba, kuma ba wanda ya aike ni.

Falmata ce ta kira ni. Ban taɓa sanin tana kallon abin nan ba, ashe tun rasuwarka kwamfutar tana kunne a ɗakinka, in ta idar da sallar asuba sai ta leƙa ta ga 'yan jiragen suna tafiya, sannan ta hura wuta. Ta ce ita ba ta san kansu ba, amma ta ga kullum raguwa suke, kamar yadda ta ga kana raguwa a gadon asibiti, kuma ba za ta iya kallo sau biyu ba. Ta ce Bukar yana son solar a shago. Ta ce in zo in sauke eriyar in tafi da ita, ba wanda ya fi ni cancanta.

Ka san me na fara ji? Daɗi. Eriyar da ta hana ni barci shekara da shekaru za ta zo hannuna, tasharka ta rufe, ni ne na ɗaya daga Gwiwa har bakin iyaka. Sannan na ji wani kishin daban ya taso mini. Kai har ka samu mai leƙa maka jirage da asuba! Ni Hajara ta sha gaya mini cewa ranar da na mutu, kafin sadakar bakwai 'yan gwangwan sun auna tarkacena. Da me ka fi ni, don Allah? Kyau dai ba ka fi ni ba.

Na hau mota zuwa Babura da buhu da sifana, niyyata saukewa. Na jingina tsani, na ɗaga murya na sanar da maƙwabta za a hau sama, na jira mata suka shige ɗaka, na hau. Ban taɓa hawa kwanonka ba, ba ka taɓa bari ba, kullum sai ka ce Bafillace ba nauyi, iska za ta ɗauke shi. Da na miƙe na dubi arewa, sai na ce la ilaha illallahu. Fili fetal! Ba dutse, ba tudu, ba ko doguwar bishiya, gonaki ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Macuci! Wannan sararin kake da shi kake ce mini hannu ne?

Ciwon kuwa bai taka kara ya karya ba. Iskar farkon damina ta karkatar da ƙarfen, bututun ya sunkuya, rana ta cinye salatif ɗin mahaɗa, ruwa ya shiga ya yi tsatsa. Na kwance eriyar, na zauna a kan kwano da ita a cinyata. Na zare murfin na leƙa ɗinkin dalmarka. Ba zan yabe ka ba, amma na daɗe ina kallo.

A nan lissafi ya ƙwace mini. In na kai ta Kazaure na ɗaura a bayan dutse, zan san gaskiya. In ba ta fi tawa ba, dutse ne, ni ke da gaskiya tun farko. In ta fi, hannu ne. To, in dutse ne, wa zan bugo wa in yi wa dariya? In kuma hannu ne, wa zai bugo mini ya ce bawa dai bawa ne? Na duba ƙasa, ga Falmata tsaye a ƙofar ɗaki ta riƙe bakin buhun tana jira in miƙo.

Na yanke ruɓaɓɓen bakin wayar, na sa sabuwar mahaɗa daga jakata, na naɗe ta da salatif mai kyau, wanda nake ɓoyo don tawa. Na miƙar da ƙarfen, na ɗaure shi ta kusurwa uku. Ina yi ina zaginka, maƙwabta shaida ne. Bukar kuwa na ce ya bar solar nan inda take, akwai wata a shagona, ya aiko a ɗauka.

Kafin in sauko na ji Falmata tana salati a ɗaki. Na leƙa daga bakin ƙofa, ga jiragen suna dawowa a kan taswira ɗaya bayan ɗaya, na Damagaram, na Tanut, har da wani can sama da ban taɓa ganin irin nisansa ba. Ta rufe fuska da mayafi. Ni kuma na ce mata ana jirana a tashar mota, alhali ba mai jirana.

Jiya Juma'a an turo hotuna. Ka sake wuce ni, da tazarar da ta fi ta da. An yi ta Allah ya jiƙan gwani, a guruf ba wanda ya san hannun wa ke ciki, kuma ba zan faɗa ba. Na ji haushi, Modu, har ban ci abincin rana ba. Rabona da jin daɗin haushi irin wannan tun kana raye.

Kada ka ɗauka na sallama. Na sayo sabuwar waya, wannan karon gunduwa goma sha biyu zan yi, kuma duk farkon damina zan zo in duba taka, don ba na son a ce na ci mara lafiya. Tsaye nake so in kayar da ita. Abin da ban sani ba shi ne wanda zan kira ranar.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka fiye da filin da ka ɓoye mini. Sai na zo.

Ubangidanka,
Buba, Kazaure