Rasuwar Hajiya Mai Benci, Shugabar Iyayen Masu Sikila

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Iyayen Yara Masu Cutar Sikila ta sami labarin rasuwar shugabarta, uwa kuma jagora, wadda duk asibitin yara ya fi sani da Hajiya Mai Benci, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Marigayiya ta samo wannan laƙabi ne daga bencin da ke gaban tagar ɗakin magani, inda take zama kowace ranar ganin likita. Ba masu karɓar magani take kallo ba. Idonta yana kan uwar da za a faɗa wa farashi, ta ninke takardar likita, ta ce bari ta je ta dawo. Hajiya ta san ba za ta dawo ba, sai dai a dawo da yaron ranga-ranga, domin ita ma ta taɓa faɗin haka a wannan tagar kafin ta rasa ɗanta na fari.

Lokacin da gwamnati ta kafa kwamitin sauƙaƙa farashin magunguna ga iyalai, sai aka gayyaci marigayiya ta gabatar da jawabi. Ta ƙi, ta ce gani ya kori ji, a zo benci. Mai girma shugaban kwamitin da sauran manyan mambobi suka zo da manyan rigunansu, ta jera su kamar 'yan makaranta, ta hana su fita ko amsa waya sai da aka rufe taga. Hajiya ba ta da sauƙi, mu da muka yi aiki a ƙarƙashinta mu ne shaida. Amma bayan wannan zama ne aka sanya maganin sikila cikin waɗanda gwamnati ke biya wa rangwame, kuma ƙungiya tana godiya.

Sai dai rangwamen ya tsaya ne a kan ƙwayoyi. Maganin ruwa, wanda shi kaɗai ƙananan yara ke iya sha, har yau yana nan da tsadarsa, kuma jikan marigayiya yana cikin masu shansa. A kan wannan take kai da kawo har ciwo ya kwantar da ita. Muna roƙon kwamiti, cikin girmamawa, kada maganar ta bi ta kabari.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyya ga maigidanta, 'ya'yanta, jikokinta da ma'aikatan ɗakin magani da suka sha faɗanta. Mun yi babban rashi, kuma muna kewarta. Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalanta haƙurin jure wannan rashi.

Babbar 'yarta ta sanar da mu cewa ranar ganin likita mai zuwa ita za ta zauna a bencin, da jikan marigayiya a cinyarta.

Sa hannu:
Baban 'Yan Biyu
Sakataren Yaɗa Labarai